Ƙulli ko Koma-baya: Muhawarar Maɗinka kan Bakin Zare a Kasuwannin Abijan

Ɗinkin cushe shi ne a haɗa ƙyalle biyu da wani abu mai laushi a tsakaninsu, a bi su da allura da zare har su zama abu guda. Ƙyallen sama shi ne fuska, na ƙasa shafi, abin da ke tsakiya kuwa yakan zama auduga, ko audugar rimi, ko tsofaffin zannuwa, ko soso a wannan zamani. Da irin wannan ɗinki ake yin bargon sanyi, da shimfiɗar jariri, da katifa, da matashi, da jakar da ake so ta kare abin da ke cikinta daga buguwa. Idan da hannu ake yin sa, zaren da ake sa wa allura ba ya wuce kamu ɗaya, wato kimanin santimita 45, domin in ya fi haka yakan sarƙe, ya yi gashi, ya tsinke tun ba a kai ƙarshensa ba. Daga wannan gajarta matsalar ta taso. Bargo mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi, in aka jera masa ɗinki da tazarar santimita 5, zai ci layi 30, jimlarsu mita 60. Kafin a gama sai an sake zare fiye da sau 150, kuma kowane zare baki biyu gare shi, na farawa da na gamawa. Ke nan a jikin bargo ɗaya akwai wurare sama da 300 da ɗinki zai iya kwancewa ta nan. Kan yadda za a tsare waɗannan bakuna ne maɗinka suka rabu biyu: wasu sun ce a ƙulla, wasu sun ce ƙulli aibi ne, a koma baya da allura ya isa.

Abijan wuri ne da ake ganin ɓangarorin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa. A Adjame, unguwar manyan tashoshin mota, akwai kasuwar da ake kira Black Market, wadda ta yi suna wajen wayoyin salula da kayan lantarki, sababbi da na hannu. Duk inda ake cinikin waya da kwamfuta kuwa akwai jakunkuna masu cushen soso, akwai kuma mai gyara su idan maɗauki ya tsinke ko zif ya farke. A tsallaken tafkin Ebrié, ta gadar Houphouët-Boigny da aka buɗe a 1957 ko gadar De Gaulle ta 1967, ana isa Treichville, inda kantunan yadi suka yi jeri a Rue 12, kuma babbar kasuwarta, wadda gobara ta cinye a 1997 aka sake ginawa, ke ɗauke da teloli da masu sayar da zare da allura. Hausawan Nijar da Najeriya sun daɗe a waɗannan unguwanni biyu. Fataucin goro ya fara kawo su ƙasar Kwaddibuwa, buɗe mashigin Vridi a 1950 da tashar jiragen ruwa a 1951 ya ƙara jawo su tare da Julawa da Mosawa da Yarbawa. Cikinsu akwai masu aikin wuyan riga, da masu ɗinkin hula, da masu katifa, da telolin yawo da mutanen gari ke kira toclo-toclo, waɗanda ke saɓe da keken ɗinki a kafaɗa suna kaɗa almakashi don a san suna wucewa. Kowannensu yana gama aikinsa da allurar hannu, kowannensu kuma yana da ra'ayi kan abin da za a yi da bakin zare.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ɗinkin cushe. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarkin Kano Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, da ake cusa wa auduga ko rimi a bi ta da ɗinki kusa-kusa don kibiya ta rasa hanyar shiga. Dixon Denham, da ya iso Borno a 1823, ya sa zanen wani barden Bagarmi sanye da irin wannan riga a littafin tafiyarsa na 1826. Har yau 'yan lifidi na fitowa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau. A lifidi, ɗinkin da ya kwance yana nufin cushe ya zame ya bar wani wuri fayau, wurin nan kuwa shi mashi ke nema. Daga irin wannan aiki ne ra'ayin masu ƙulli ya samo ƙarfinsa.

Kafin a auna hujjojinsu, ya kamata a rarrabe ƙulli iri biyu, domin yawancin gardamar tana rikicewa ne saboda ana haɗa su wuri guda. Na farko shi ne wanda kowa ya koya tun yana yaro: a jiƙa manuniya da yawu, a naɗa mata zaren sau ɗaya, a murza da babban yatsa, a ja. Yana da sauri, amma ba shi da ƙa'ida. Yau ya fito ƙato, gobe ya fito da madauki a gefe, jibi ya warware da kansa. Na biyu ana yin sa ne a kan allura. Maɗinki zai kwantar da bakin zaren a jikin allurar, ya naɗa sau biyu ko uku, ya danne naɗin da yatsu biyu, ya zaro allurar ta cikinsa har zaren ya ƙare. Abin da zai fito ƙulli ne ƙarami, matsattse, kuma girmansa ɗaya kowane lokaci, tunda yawan naɗin ne ke yanke girman. Wannan na biyu shi ake iya binnewa. Ana soka allura a fuska kaɗai, kimanin santimita ɗaya da rabi daga inda za a fara, a tafi da ita ta cikin cushe ba tare da ta taɓa shafi ba, a fito a mafarin layi. Sai a ja a hankali har ƙullin ya zauna a kan fuska, a danne ƙyallen da babban yatsa, a ɗan fizga. Ana jin wani ƙaramin sauti, tas, ƙullin ya ratsa tsakanin zaruruwan saƙa ya faɗa ciki. A shafa wurin da farce, ramin ya rufe, a datse wutsiyar da ta rage. Wajen gamawa ma haka ne: a yi ƙullin kusa da jikin ƙyalle, a mayar da allura ta ramin da ta fito, a yi tafiya cikin cushe, a fizga.

Masu goyon bayan ƙulli suna cewa ɗinkin cushe na hannu ɗinki ne na zare ɗaya mai shiga da fita, babu zare na biyu a ƙasa da zai riƙe shi kamar a keke. In aka kama bakinsa aka ja, layin gaba ɗaya zai biyo. Abin da zai hana haka dole ya kasance abu ne da ya fi ramin allura girma, kuma ƙulli ne kaɗai yake da wannan siffa. Sauran dabaru duk sun dogara ne ga gogayyar zare da ƙyalle, gogayya kuwa tana raguwa yayin da yadi ya tsufa, saƙarsa ta saki. Suna ƙara da cewa bargo da shimfiɗa ba kayan ajiya ba ne. Ana kwanciya a kansu, ana ja, ana murɗawa, yara na tsalle, kuma duk lokacin da aka danne cushe sai zaren ya saki, in an tashi ya sake ɗamewa. Wannan kai-da-komo, sau dubbai, yana fitar da wutsiyar da ba ta da abin tokarewa kaɗan-kaɗan.

Hujjarsu mafi ƙarfi a Abijan ita ce wanki. A bakin rafin Banco, kusa da Adjame, akwai 'yan wankin da ake kira fanico, masu tara kaya daga unguwanni su tsaya cikin ruwa suna maka su a kan duwatsun da aka kafa cikin tsofaffin tayoyi. Bargon da ya sha ruwa ya yi nauyi, aka ɗaga shi sama da kai aka sauke a kan dutse, kowane layi na ɗinkinsa yana karɓar fizga a lokaci guda. Mai ƙulli yakan ce da abokin gardamarsa: Malam, kai naka can a wanke sau uku, mu sake magana. Akwai kuma batun rimi, wanda itacensa ke da yawa a ƙasar. Audugar rimi gajera ce, mai santsi, da wani maiƙo a jikinta da ke hana ta shan ruwa, shi ya sa ba a kaɗa ta a yi zare kamar auduga. Wutsiyar zaren da aka bari cikin auduga tana samun abin da zai cakume ta, amma cikin rimi sulɓi kawai take yi. A nan masu ƙulli suna da gaskiya ba tare da wani tababa ba.

Ɗaya ɓangaren sun fito ne daga aikin tufafi, musamman masu aikin babbar riga da hula. Dabararsu ita ce a bar wutsiya mai ɗan tsawo a ɓoye tsakanin ƙyalle, a yi ɗinki biyu ko uku ƙanana a kan juna, wani lokaci ma a soka allurar ta tsakiyar zaren da ya riga ya kwanta don ya tsaga shi ya kulle kansa. In zare ya ƙare ana tsakiyar layi, sai a fara sabon daga baya, a bi sawun ɗinki uku ko huɗu na ƙarshe ta ramukan da tsohon ya bi, zare biyu su kwanta tare. Wasu kan yanko zare mai tsawon biyu, su fara daga tsakiyar layi su bar rabi na reto, su gama gefe ɗaya, su dawo su sa rabin a allura su gama ɗayan. Da wannan, baki ɗaya cikin biyu ya ɓace gaba ɗaya. In kuma da zare ninki biyu ake aiki, ana iya zura bakunan biyu a allura a bar madauki a ƙasa, bayan sukan farko a ratsa allura ta madaukin a ja.

Abin da suke zargin ƙulli da shi ya fi ɗaya. Da farko ƙulli na raunana zare. Masu aiki da igiya, daga masunta zuwa masu ɗaure kaya a mota, sun san igiya a bakin ƙulli take tsinkewa, domin lanƙwasar da ke wurin tana ɗora nauyi a kan wasu zaruruwa ta bar wasu, kuma ƙulli mai sauƙi na iya cin kusan rabin ƙarfinta. Na biyu, ƙulli wuri guda yake riƙewa. In ya ratso ƙyalle ya fito, ko kansa ya gutsure, ba sauran abin da ya rage, alhali ɗinkin koma-baya ya raba riƙon a wurare uku ko huɗu. Na uku, binne ƙulli yana buƙatar yadi mai yarda. Shadda mai nauyi, irin ta Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, da atamfa mai kyau, irin ta Vlisco ko ta Uniwax da ake bugawa a Yopougon cikin Abijan, saƙarsu a matse take. Fizgar da za ta shigar da ƙulli tana iya tsinka zaren yadin, ta bar ɗan rami ko wani siririn layi da ba ya gyaruwa. A kan shadda mai ƙyalli wannan tabo yana bayyana daga nesa.

Sai batun bugu, wanda shi ne ginshiƙin hujjarsu. Shadda ba guga kaɗai take so ba. Ana sa mata sitati ko ƙaro, a ninke ta a kan gungumen itace, mabuga su yi ta sauke mata mabugi mai nauyi har ta yi ƙyalli, kamar yadda ake yi a mabugar Ƙofar Mata a Kano, kuma ake yi a Abijan. Ƙullin da ke cikin rigar da aka ninka sau da yawa yana zama tamkar tsakuwa a cikin takalmi: duk bugu ɗaya yana danna shi cikin ninkin sama da na ƙasa. In an warware rigar sai a ga ɗigo-ɗigon da suka fi sauran jikin ƙyalli, bayan bugu na biyar ko na shida kuma wurin ya huje. Hula ma haka. Cikinta yana zaune a kan fatar kai, sau da yawa kai mai sabon aski, ƙulli ko ɗaya ne mai hula zai ji shi. Mai wankin hula kuma yana ɗora ta a kan gungumen itace ya dirje da buroshi, buroshin kuwa duk abin da ya ɗago shi yake fara kamawa. Shi ya sa Alhajin da ya san kaya, in aka miƙo masa hula, ba ya fara duba zanen. Juya ta yake yi ya shafa cikinta da yatsa. Maigidan da ke koyar da yaro aikin zanna ko damanga yakan mayar masa da hular ya ce ya warware, ba don zanen ya karkace ba, sai don yatsa ya ci karo da ƙulli.

Suna da wata shaida kuma da ke gaban kowa a kasuwa. Keken ɗinki, tun daga ƙirar Elias Howe ta 1846 da ta Isaac Singer ta 1851, ba ƙulli yake yi a ƙarshen layi ba. Tela yana danna abin komawa baya ne, ko ya juya ƙyallen, ya maimaita ɗinki kaɗan a kan na farko. Miliyoyin riguna na tafiya a haka ba su kwance ba. Masu ƙulli sukan amsa cewa keke zare biyu yake sarƙawa a kowane suka, don haka misalin bai zauna daidai ba, kuma amsar tana da nauyi. Duk da haka ta nuna cewa maimaita ɗinki hanya ce ta riƙo da aka daɗe da gwadawa.

Abin da ya sauya muhawarar a zamanin nan, ba tare da yawancin masu yin ta sun lura ba, shi ne zaren kansa. Kakannin maɗinka da zaren auduga suka yi aiki, abawa da arafiya da mata ke kaɗawa da mazari, da tsamiya da alharini wajen ado. Zaren auduga yana da gashi-gashi a jikinsa, kuma in ya sha ruwa yakan kumbura ya ɗan tsuke. Saboda haka wankin farko ƙara masa riƙo yake yi, ko an ƙulla ko ba a ƙulla ba. Zaren roba na foliyesta, wanda John Whinfield da James Dickson suka samar da sinadarinsa a Ingila a 1941, shi ya cika kasuwa yanzu, don ya fi araha, ya fi ƙarfi, ba ya ruɓewa. A gari mai laima kamar Abijan, inda damina ke tsananta daga Mayu zuwa Yuli ta sake dawowa a Oktoba da Nuwamba, rashin ruɓewa ba ƙaramar fa'ida ba ce. Amma wannan zare santsi gare shi, ba ya kumbura, kuma yana son komawa miƙe. Ƙullin yatsa a jikinsa yana sulɓewa ya kwance, koma-baya sau biyu ma yana iya zamewa. Wato ya raunana hujjar ɓangarorin biyu a lokaci guda. Wanda ya gaji dabarar kakansa ya ɗora ta a kan zaren roba, yana iya yin komai daidai aikin ya kwance. Maganin da aka sani shi ne a goga zaren a jikin kakin zuma kafin a fara, a ƙara naɗi ɗaya a ƙullin allura, a kuma bar wutsiya mai tsawo maimakon a datse ta daf da ƙulli. Kakin yana kwantar da gashin zaren auduga ya hana shi sarƙewa, a zaren roba kuma yana ba shi ɗan danƙon da zai riƙe.

Akwai ɓangaren da ba na fasaha ba, wanda bai kamata a raina ba. Telan yawo ana biyansa ne kan kowane ɗan gyara, yana tsugune a bakin shago mai kaya na tsaye a kansa. Ƙullin yatsa ba ya ɗaukarsa ko daƙiƙa biyu. Mai aikin babbar riga kuwa yana iya shafe makonni a kan aska takwas guda, kuɗinsa da sunansa suna rataye ne a kan tsabtar aikin. Kowannensu ya zaɓi abin da ya dace da yadda yake samun abinci, kuma zargin telan yawo da rashin iyawa zalunci ne. Sai dai akwai asarar da ke biyo baya idan ɗan koyo ya tashi bai taɓa ganin wata hanya ba sai ƙullin yatsa, domin ranar da aka miƙo masa shadda mai tsada zai yi mata abin da yake yi wa wandon gwanjo. Koyar da yaro hanyoyin biyu ba ya cin fiye da yini, kuma nauyi ne da ke kan maigida.

In aka leƙa wasu ƙasashe, za a ga rabuwar ta bi layi ɗaya da ta Abijan. A Wales da yankin Durham na arewacin Ingila, da kuma Amurka, inda ake cusa wa bargo ulu ko auduga mai kauri, binne ƙulli shi ne abin da ake koya wa mai farawa, don akwai wurin da ƙullin zai kwanta, kuma ulu yana cakume shi. A arewacin Japan, inda manoma da masunta tun zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, suke jera tsofaffin ƙyallaye su bi su da farin zare a ɗinkin da ake kira sashiko, da yawa daga masu sana'ar ba sa ƙulli, suna bin sawun ɗinkin baya ne, suna dogara ga kumburin zaren auduga bayan wanki. Kayan nasu ba su da cushe mai kauri, ana kuma sa su a jiki ana ganin ciki da waje. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun isa ga amsa ɗaya duk lokacin da kayan aikinsu suka yi kama.

Wannan ne ke nuna inda gaskiyar kowane ɓangare ta tsaya. Masu ƙulli daga katifa da lifidi da bargo suka ɗauko hujjarsu, masu koma-baya daga riga da hula, kowa kuma yana so ya shimfiɗa dokar sana'arsa a kan ta ɗan'uwansa. A kan abin da ba shi da cushe, ko yadinsa matsattse ne, ko za a buga shi, ko zai taɓa fata, masu koma-baya sun yi rinjaye, babu kuma dalilin sassauta musu hukuncin. A kan abin da ke da cushe mai kauri da fuska mai sakakkiyar saƙa, musamman in rimi ne a ciki ko dutsen wanki na jiransa, ƙullin allura da aka binne ya fi aminci, kuma ya fi kyau a bi shi da koma-baya ɗaya a sukan farko, don fizga ta fara sauka a nan kafin ta kai ga ƙullin. Abin da ba shi da mai kare shi a kowane ɓangare shi ne ƙaton ƙullin yatsa da aka bari a fili a bayan shafi. Shi ne ke gogar tabarma da ƙarfen gado, shi farce ke kamawa, shi yaro ke tsinka da wasa, kuma mafi yawan ɗinkin da ake cewa ƙulli ya ci amanarsa irin wannan ne. Haka nan ɓangarorin biyu sun yarda cewa in zare ya tsinke a tsakiyar layi, ba ƙulli ba koma-baya da zai cece shi. Abin da ke rage ɓarnar shi ne gajartar zaren, domin kwancewar ba za ta wuce kamu ɗaya ba.

Katifar auduga da matashi mai kauri suna da nasu hukunci, tunda a nan ƙulli shi ne ɗinkin kansa. Bayan an shiɓa audugar an cusa, mai katifa yana soka basilla daga sama ta ɓulla ƙasa, ya dawo da ita kusa da inda ta shiga, ya ɗame bakunan biyu ya ƙulla, ya matsa gaba taƙi ɗaya ya sake. Babu layin da za a koma baya a kansa. Tambayar da ta rage ita ce wane ƙulli. Wanda ke riƙewa shi ne a ɗora dama kan hagu, sannan hagu kan dama. In aka maimaita hannu ɗaya sau biyu, ƙullin yana kama da na farko a ido amma yana zamewa da zarar an zauna. Domin audugar na turo zaren yayin da ake shirin ƙulli na biyu, gwanaye kan naɗa na farkon sau biyu don ya tsaya, dabarar da likitocin tiyata ma ke amfani da ita. A ƙarƙashin kowane ƙulli ana sa ɗan guntun ƙyalle ko maɓalli, in ba haka ba zaren zai yanka yadin katifar a hankali ya nutse ciki.

Masu gyaran jaka da takalma a kewayen Black Market suna da hanya ta uku da kayan zamani suka kawo. Jakar kwamfuta da ta goyo ana yin su ne da yadin roba da soso a tsakiya, ana kuma ɗinke su da zaren nailan mai kauri, wanda ƙulli ba ya zama a jikinsa, soso kuma ba ya riƙe wutsiya. Mai gyara zai koma baya sau biyu ko uku, ya ƙulla, ya yanke zaren ya bar kamar milimita 3, sannan ya kusanto da wutar ashana ko laita. Bakin zaren ya narke ya dunƙule, ya danne shi da gindin laitar tun yana da zafi, ya baje ya manne a kan ƙullin. Dabarar tana aiki ne a kan nailan da foliyesta kaɗai. Zaren auduga da alharini ba sa narkewa, ƙonewa suke yi su zama toka, kuma wuta kusa da audugar rimi haɗari ce, domin tana kamawa nan take.